Wasiƙar Duba-Ƙafa

Askarin da ke ƙofar maƙabarta ya ɗaga mini hannu kamar mai tsayar da mota. Na ratse dama, ya bi ni. Na ratse hagu, ya sake tarewa. Na ce masa, "Kai yaro, ubana na zo nema, kauce mini." Yana zuba Larabci ina zuba Hausa, har wani malami ɗan ƙasarmu da ya rako gawa ya tsaya ya raba mu.

"Hajiya, mata ba sa shiga nan."

"To kai shiga ka karanto mini. Saje Mamman. In ka ga Mamman Zariya ma shi ne, haka soja suka rubuta shi."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Hajiya, a garin nan ba a rubuta suna a kabari. Ɗan dutse ake ajiyewa, shi ke nan. Da attajiri da mai shara duk iri ɗaya."

Na samu bakin titi na zauna. Shekara huɗu na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga ni da jikoki goma sha ɗaya, ina zama benci ɗaya da matan da ni na yanke musu cibi. In na rubuta harafi ya juya baya su yi ta dariya. Duk na shanye, don ranar da Allah ya kawo ni Makka in bi kaburbura in karanta sunan ubana da idona, in na samu kabarin kuma in zauna in jira masu ziyartarsa. Ga ni a Makka, ga karatu a kaina, babu abin karantawa.

Sunana Hajo. A barikin soja na Zariya aka haife ni, zamanin Turawa. Ubana shi ke kula da doki da kaya da bindigar wani hafsan Bature. Sunan Baturen na gaskiya ba ya zama a bakinmu, bariki kaf Duba-Ƙafa ake ce masa.

Yadda ubana ya ba ni labari, Baturen yana saurayi ya zo ƙasarmu, tauraro ɗaya a kafaɗa, ko gemu babu, rana ta gasa shi ya yi jawur. Fitarsa ta farko ya ɗebi soja suka raka masu karɓar haraji cikin duwatsu. Shi yana kan doki, su suna ƙasa, bai taɓa sunkuyawa ya ga abin da suke takawa ba. Kafin a dawo rabin mutanensa sun kasa tafiya, ga ƙaya, ga faso, ga kurkunu. Wasu a kafaɗa aka kawo su. Babbansa ya tsayar da shi a filin fareti ya wanke shi tas a gaban kurata. Tun daga ranar, kullum da asuba soja za su zauna a jere su miƙe ƙafafu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a tsugune. Daga ƙaramin yatsan hagu yake farawa. Ya buɗe tsakanin yatsu, ya danna dunduniya, ya shinshina, wallahi har shinshinawa yake, sannan ya mari tafin ƙafa sau biyu ya ce, "Fas!" Wato ka wuce. In bai ce ba, ranar ba ka fita ko'ina.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. A fitar duwatsun nan ya sa an ƙona wa mutane rumbuna. Ubana ma, Baturen ya sa an yi masa bulala shida don sirdi ya ji wa doki ciwo, tabon da idona na gani. Amma da aka kwashe su yaƙin Bama aka harbe shi a ƙafar hagu cikin daji, ubana ne ya goya shi kwana biyu har aka kai wurin likita. Suka dawo shi Manjo, ubana Saje mai igiya uku.

Ubana ya kwaso ɗabi'ar ya kawo gida. Kafin a sha koko sai ni da uwata mun miƙe ƙafa. Ni kuwa yatsuna biyu na ƙafar dama a manne suke tun haihuwa. Wata safiya Manjo ya biyo ta layin iyali ya tarar ana yi. Ya tsuguna ya kama tawa, ya yi ya yi ya buɗe su, ya kasa. Ya kwashe da dariya, ya ce da Hausarsa ta hanci, "Wannan ba ta da wurin ɓoye ƙaya." Ya mara sau biyu ya ce Fas.

Ina shekara bakwai aka sallami ubana daga soja. Ya ce zai tafi Makka a ƙasa, shekara biyu ya dawo. Ya bar mu a wani ɗaki bayan bariki da Manjo ya ba mu. Da Turawa suka tashi aka karɓe ɗakin, uwata ta ja hannuna muka koma ƙauyensu can bayan Malumfashi, ba ta bar wa kowa sallahu ba. Bayan na yi aure wani alhaji ya ce ya ga ubana a Makka yana ɗaukar ruwa. To ashe ya iso. Uwata ta mutu tana cewa ya manta da mu, ko wasiƙa ɗaya bai aiko ba. Ni abin da na zo ji ke nan: ya neme mu, ko bai neme mu ba? Ba gado na zo nema ba, ba komai ba.

Da na koma masauki, Hajiya Lantana da muke ɗaki ɗaya tana kwance tana shafa mai a gwiwa. Ita 'yar Funtuwa ce, bakinta ba ya hutawa.

"Malama mai boko, an karanto?"

"Ba su rubuta ba."

"Ikon Allah. Shekara huɗu a benci, an tashi a banza. Da kin zauna kin yi ta saida ƙosanki."

"Ke da kika zauna, me kika tsinta ban da ƙiba?"

Kwana uku bayan haka na faɗa hannun ɓarawo. Akwai wani lungu bayan masaukinmu inda matan Hausawa ke saida tuwo da miyar kuka. Nan nake zuwa ina tambaya, kowa na gani da furfura sai na ce ko ya san Saje Mamman. Sai wani mai dogon carbi, wai shi Alhaji Ɗanliti, ya dafa ƙirji.

"Saje? Dogo, mai tafiyar soja? Hajiya, ai ƙaninsa ma yana nan da rai. Ɗauko tsarabarki mu je."

Duk soja ai tafiyar soja yake yi, amma ranar hankalina bai kawo mini haka ba. Na ɗauko jakar da na yi dakonta tun daga gida, daddawa, kuka, yaji, da turmin atamfa guda da na ce in ubana ya bar 'ya mace in ba ta. Ya karɓa wai zai rage mini nauyi. Muka yi ta hawan tudu, matakala bayan matakala, har numfashina ya fara fita ta kunne. Ya shigar da ni wani ɗaki, ga tsoho a kwance kan katifa. Ina shiga ya fashe da kuka. "'Yar yayana! Kamar an tsaga kara!"

Na zauna. Na bar shi ya gama. Na ce, "Baba, da asuba kafin a karya, me yayanka yake wa yara?"

Ya ce, "Yasin yake karanta musu."

Ubana daga Ƙulhuwallahu sai Falaƙi da Nasi, nan karatunsa ya tsaya. Na kai ido kan ƙafar tsohon, dunduniya duk ta tsage, faso har kana iya ɓoye tsinke a ciki. Na ce, "Wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da Saje Mamman ba ya yawo da wannan ƙafa. Tashi, maƙaryaci." Na waiwaya in ɗauki jakata, babu jaka, babu Ɗanliti.

Na sauko ni kaɗai, na ɓata. Duk lungunan iri ɗaya. Wani baƙin mutum siriri mai sharar titi, ba jin harshen juna muke ba, ya ga ina juyi wuri ɗaya. Ya jingine tsintsiyarsa, ya duba abin hannuna mai sunan masauki, ya ba ni ruwan sanyi daga aljihunsa, ya sa ni a gaba har ƙofa. Na buɗe baki in gode masa, ya riga ya juya.

Ranar na yi kewar gida kamar yarinya. Na yi kewar ƙarar ƙyauren ɗakina, da akuyata mai cin igiya, da kunun tsamiya mai zafi a kwanon sha na. Shinkafar da ake kawo mana a roba na dube ta na ture. Lantana ta ga ban rama maganarta ba, ta san abin ya kai. Ta tashi ta jiƙa garin kunun da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ta miƙo mini.

"Sha. Amma kada ki saba."

Abin da ya rage mini daga kayan gida ƙullin man kaɗe ne, don shi a ƙugu nake ɗaure shi, ba na rabuwa da shi.

Na ce na haƙura, in yi aikin da ya kawo kowa. Muka fita Mina, daga nan Arfa. Zafin Arfa ba zan iya kwatanta shi ba, wanda ya je ya sani. Na yi addu'a har muryata ta dushe. Na roƙa wa uwata, na roƙa wa ubana, na ce Allah kai ka san amsar, in ba rabona ba ne in ji, ka cire mini abin a rai.

Bayan la'asar jagoranmu ya leƙo bakin tantin mata ya ce motoci sun cushe a hanya, tamu ba a san lokacin isowarta ba. Wadda za ta iya, in rana ta faɗi a taka zuwa Muzdalifa. Wadda ba za ta iya ba ta jira. Mu goma sha huɗu ne a tantin, ƙaramarmu ta haura hamsin. Nan take aka fara salati, wata na cewa gwiwa, wata na cewa sukari.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kowa ta zauna a jere ta cire safa ta miƙe ƙafa."

Lantana ta ce, "Hajo, zafi ya taɓa ki?"

"Cire, ko in cire miki."

Na tsuguna na fara da ita. Ƙaramin yatsan hagu. Na buɗe tsakani, na danna dunduniya, na shinshina. Ta ce, "A'uzubillahi, a filin Arfa!" Na ce ta yi mini shiru. Akwai ɗan ƙurji a bayan dunduniyarta inda takalmi ke ci, na shafa man kaɗe, na yagi bakin tsohon ɗankwali na naɗe, na mari tafin sau biyu na ce, "Fas!" Na matsa gaba. Wata na yanke mata shawarar ta musanya takalmi da maƙwabciyarta, nata ya matse ta, na waccan ya yi mata yawa. Biyu na samu ƙafarsu ta kumbura, yatsa in ka danna ba ya tasowa. Na ce, "Ku ba fas ba ne. Mota za ku jira." Ɗayar ta fara gardama, na ce ban tambaye ta ba.

Ina kan ta tara ko ta goma na ji an saki wani abu a bayana. Wata mata ce cikin masu raba abinci a tantuna, 'yar garin, baƙa doguwa, shekarunta za su yi talatin da 'yan kai. Kwalin ruwa ne ya suɓuce mata. Ta tsaya ta zuba mini ido. Na mari tafin da ke hannuna, kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Fas."

Na juyo. Ta durƙusa kusa da ni, Hausarta duk a karye, rabi Larabci.

"Ya Hajja, wa ya koya miki hada? Wannan... ƙafa?"

"Ubana."

"Jiddi yana yi. Baban baba. Kullum subh, kullum. Haka, haka, har hanci." Ta shinshina iska ta nuna mini. "Baba ma yana yi mana. Mu muna gudu."

Na ce, "Yaya sunan kakan naki?"

"Muhammad. Amma kullu nas suna ce Shawish."

Wata cikinmu da ta taɓa zama a Sudan ta ce Shawish ai shi ne saje da Larabci. Kun ji. Na yi sati biyu ina tambayar Saje a garin da ba a taɓa kiransa Saje ba.

Sunanta Nawal. Shugabarsu na ƙwala mata kira daga waje, ba ta da lokacin tsayawa. Na zaro biro daga jakar wuya, na ce ta faɗi lambarta. Ta faɗa da yatsu, na rubuta a bayan katina da hannuna, na karanta mata, ta gyaɗa kai. Lantana na kallo. Na ce, "A banza, ko?" Ta kau da kai.

Rana ta faɗi muka kama hanya, mu goma sha biyu. Na sa Lantana a gaba don ita ce mai nauyi, kowa ta bi takunta, ni ina baya kamar yadda saje ke yi. Mutane kamar an buɗe dam, ga motoci a tsaye suna huci, waɗanda ke ciki suna leƙenmu ta taga. In muka yi tafiya sai in tsayar da su a gefe, a sha ruwa, a ɗaga ƙafa sama kaɗan, a tashi kafin jiki ya mutu. Da gari ya waye a Muzdalifa, bayan sallar asuba, na sake jera su na duba. Goma sha biyu muka taso, goma sha biyu muka iso, ba wadda ƙafarta ta fashe. Matan wani tanti suka gani, suka zo suka jeru su ma, har da waɗansu farare da ban san ƙasarsu ba. Man kaɗena a nan ya ƙare. Lantana ta zama mai yi mini shela, tana cewa, "A bi layi, 'yar soja ce, ba ta son hayaniya."

Bayan mun gama jifa mun dawo Makka, Nawal ta zo masauki ta ɗauke ni a motar mijinta. A hanya ta ce in yi haƙuri da babanta, bai so zuwan nan ba. Na ce ni ma ba kyansa na zo gani ba.

Unguwarsu Zahir. Gida hawa biyu, ƙasa shagon kayan wuta ne na babanta. Aka shigar da ni falo, kujeru a ƙasa jikin bango, sanyin na'ura har ƙashi. Ga shi zaune cikin farar riga, Abu Yasir suke ce masa, zai yi shekara sittin. Ina ganin goshinsa da yadda ya dafa gwiwa na san ɗan wane ne. Matarsa da 'ya'ya da surukai duk sun cika bakin ƙofa.

Aka kawo gahawa da dabino. Hausarsa ta fi ta 'yarsa, irin ta tsofaffi.

"Hajja, marhaban. Kin sha hanya. Amma bari in faɗa miki gaskiya. Kowace shekara sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ya ce shi ɗan'uwan Shawish ne. Wannan yana son iƙama, takardar zama, wancan yana son aiki. Babanmu ya rasu shekara ashirin, bai bar komai ba sai mu."

"Ka ga na yi kama da mai neman aiki?"

"Duba ƙafa kuma, duk wanda ya yi soja zamanin Ingilishi zai iya."

"Ba duk ba. Hafsa ɗaya ne ke shinshinawa. Kai dai amsa mini abu ɗaya in tafi. Ya taɓa cewa ya bar mata da 'ya a gida?"

Ya gyara zama. "Ba ya maganar can. In an tambaye shi sai ya tashi."

Wannan ta shige ni. Na ajiye ɗan kofin, na fara laluben takalmina. Na ce a raina, to Inna, ke kika yi gaskiya.

Sai Nawal ta yi wa babanta magana da Larabci, da sauri, da zafi. Ya daka mata tsawa. Ta ƙara. Matarsa ma ta sa baki. Kalma ɗaya nake ji tana dawowa, waraƙa, waraƙa. Na ce, "Me ake cewa? Ba na son a yi da ni ina zaune."

Nawal ta ce, "Akwai takarda. Jiddi yana ajiye cikin mus'hafi. Ba wanda ya iya karanta."

Ashe tun rasuwarsa suke ɓoye da ita. Sun ga tambarin sarauniyar Ingila a ambulan, suka ji tsoron kada ta zama takardar da za ta jawo musu tambaya a kan zamansu a ƙasar. Yasir, babban ɗansa, ya yi turanci a makaranta, ya duba ya ce haruffan na turanci ne amma maganar ba turanci ba ce. Su kuma duk karatunsu na Larabci ne. Kai wa baƙo ya karanta kuwa, Abu Yasir ya hana.

Na ce, "Kawo."

"Hajja, ke za ki..."

"Kawo, na ce."

Ya tashi da kansa ya ɗauko. Takarda ta yi ja, ta kusa rabuwa a wurin ninki. Na sa tabarau. Rubutun manya ne, a rarrabe, irin na wanda ya san ba masu ilimi zai rubuta wa ba. Na sa yatsa a layin farko, na haɗa baƙi da wasali yadda malamarmu ta koya mana, sai na ji Hausa na fitowa daga bakina. Hausa ce. Ai hafsoshin nan sai sun ci jarrabawar Hausa ake ƙara musu girma.

Na karanta da ƙarfi, a hankali, ina tuntuɓe ina tashi.

"Zuwa ga Saje Mamman, gaisuwa mai yawa. Bayan haka, takardarka ta uku ta same ni. Ka aika bariki, amma ni na bar soja, na koma ƙasarmu, daga can aka biyo ni da su. Yanzu kaji nake kiwo. Ƙafar da ka goya, likita ya yanke ta bara. Ƙafa ɗaya nake dubawa da safe, aiki ya ragu."

Wani cikin surukan ya yi dariya, aka harare shi. Na ci gaba.

"Ka ce in nemo maka Ladi da yarinya in gaya musu hanya ta rufe maka, takardar tafiyarka ta daina aiki. Na rubuta wa mutum biyu a Zariya. Sun je ɗakin, sun tarar da wasu. An ce sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Na ce su ci gaba da tambaya. Na gaya musu alama: Hajo, yatsu biyu na ƙafar dama a manne. Kai ma a can ka riƙa dubawa. Wata rana za ta girma ta zo hajji."

Na duba sauran, gaisuwa ce da sa hannu. Na juya bayan takardar ko zai ambaci bulala shida. Bai ambata ba.

Ladi uwata ce. Takarda uku ya aiko, Inna. Uku. Bai dawo ba, wannan gaskiya ne, ya yi wani auren ya yi wasu 'ya'yan, ga su sun cika ƙofa. Amma ya nema.

Na ɗago, na ga Abu Yasir ya rufe baki da hannu. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Shi ya sa." Sannan ya dube ni.

"Hajja, duk shekara in alhazan Najeriya suka sauka, babanmu zai ɗauki tulu ya tafi wurin mata yana raba ruwa kyauta. Ba ya kallon fuska. Ƙasa yake kallo, ƙafafu. Mutane suka ce Shawish ya taɓu. Wani alhaji ya taɓa marinsa a kan matarsa. Ummi ta yi yaji sau biyu a kan haka. Ni da kaina, ina saurayi, na je na janyo shi daga can na ce yana ba mu kunya. Har ya kasa tafiya yana cewa a kai shi."

Na ninke takardar yadda na same ta na miƙa wa Nawal. Ta ce, "Ya Hajja..." Na ce, "Goggo za ki ce."

Na jawo ƙafar dama, na tuɓe safa, na miƙe ta a kan kafet ɗin Abu Yasir mai tsada, a gaban matarsa da 'ya'yansa da surukansa.

Ya dube ta. Ya sauko daga kujera da ƙyar, don shi ma gwiwa ta fara, ya tsuguna. Ya ce, "Yaya, ta hagu ake farawa."

"Na sani. Gwada ka nake."

Na tuɓe ta hagun. Ya kama ƙaramin yatsa, ya buɗe tsakani ɗaya bayan ɗaya, ya danna dunduniya, ya shinshina. Ya koma ta dama. Ya zo kan biyun nan ya yi ya yi ya raba su, hawaye na ɗiga a kan ƙafata, ya kasa. Ya mari tafin sau biyu.

"Fas."